Koren Waken Ammaci da Hajiyar da Ta Nemi Nama

Mun baro Azare da asubar fari, masu ƙosai ma ba su hura wuta ba, ni da wata aminiyar mahaifiyarmu da zan riƙa kira Hajiya kawai, don ba sunanta na zo tallatawa ba, halinta na zo faɗa. Masu bibiyata sun san in na je Dubai abaya da turare nake sarowa, in dawo in cika muku waya da hotuna. Wannan karon ba hoto za ku samu ba, labari ne, kuma har yanzu da nake rubuta shi raina bai gama hucewa ba.

Bari in fara da abin da ya haɗa ni tafiya da Hajiya. Autanmu yana aiki a Dubai, a wani garejin gyaran motoci. Kafin azumi sai ga wani hoto ya shigo wayar Inna, mahaifiyarmu. Auta ne zaune a bakin gado, ya rame, wuya duk ƙashi, yana riƙe da wani kwanon silba, a ciki shinkafa ce tsamo-tsamo cikin ruwa da wasu 'yan korayen ƙwayoyi a gefe. Wanda ya turo hoton ɗan garinmu ne mai harkar kago a can, wato aiko wa 'yan kasuwa kayansu gida, kuma ya haɗa da saƙon murya cewa Indiyawa sun mayar da yaro bawa, abincin tsuntsaye suke ba shi. Daga ranar Inna ta daina barci, jininta ya hau. Auta ya kira ya rantse mata ya warke, ta ce ai dama haka zai ce. Ƙarshe ta yanke hukunci: bayan ƙaramar Sallah Hajiya, wadda dama takan je sarin gwal, za ta bi ni ta gano mata da idonta. In Hajiya ta ce yaro yana cikin wahala, to ya ajiye aiki ya dawo gida, in ya ƙi ba ta yafe ba. Ni ba a yarda da shaidata ba, wai tun yana yaro nake rufa masa asiri. Aikin nan kuwa Auta ya sha wuya kafin ya same shi, shi ne ke riƙe da maganin Inna, kuma kowa ya san yadda bizar ƙasar nan ta zama wa ɗan Nijeriya. In ya fito, ya fito ke nan.

Hanya ta yi mana kyau har Jama'are, daga nan direbanmu ya fara wasan kauce wa ramuka, yana faɗa wa biyu don ya tsallake ɗaya. A Wudil muka tsaya karyawa. Ni shayi da burodi na sha, Hajiya kuwa balangu ta sa aka yanka mata da sanyin safiyar nan, tana ci tana koya mini darasi. Ta ce ita in ta je gidan mutane ba ta sauraron sannu da zuwa, cokali take zurawa ƙasan miya, abin da ta tsamo shi ne matsayinta a gidan. Na yi dariya a lokacin, don na ɗauka raha ce. Da muka shiga Kano ta sa aka biya da ita ta sayi ƙunshin kilishi mai girma, ta naɗe cikin zani ta cusa a jaka. Yadda ta wuce da shi filayen jirgi har uku, wannan tsakaninta da Allahnta.

Ta Addis Ababa muka bi, muka yi zaman jira a kan kujerun ƙarfe har ƙugu ya gaji, sannan muka sauka Dubai gari na wayewa. Masaukinmu a Al Sabkha yake, inda nakan sauka kullum, ɗan otal mai lif da ke nishi kafin ya tashi. Wanda bai taɓa zuwa ba zai sha mamakin yawan Hausar da zai ji a layukan nan. Ga Kanawa, ga mutanen Damagaram suna jefa Faransanci, ga 'yan Zangon Kumasi da tasu Hausar mai daɗin ji. Shayin karak yana nan a dirhami ɗaya, shi kaɗai ne bai ci amanarmu ba. Abaya ta tashi, turare ya tashi, kuɗin kago kuwa in aka faɗa miki sai kin nemi wurin zama.

A shagon kago na haɗu da mai hoton. Ya yi ɓulɓul, yana zaune gaban farantin shinkafa da rabin kaza. Bayan gaisuwa na tambaye shi sau nawa ya je duba Auta da yake kwance.

"Wallahi Yaya sau ɗaya na samu zuwa," ya ce. "Kin san aiki, ga kwantena a tasha, ga wurin nasu ƙarshen duniya ne. Amma ai na sanar da gida, shi ke nan."

Na tambaye shi ko ya kai masa wani abu da ya je. Ya ce ai shi bai san me mara lafiya yake so ba. Jama'a, mutum ya ƙetare gari guda ya tarar da ɗan unguwarsu a kwance, bai kai ko lemo ba, sai ya zaro waya ya ɗauki hoto ya aika wa tsohuwa mai hawan jini, kuma yana zaune yana jiran a gode masa. Na fita daga shagon ban ba shi kayana ba, na kai wa wani ɗan Nijar.

Washegari muka ɗauki tasi zuwa Ras Al Khor, unguwar garejoji da shagunan kayan mota. A hanya akwai wata fadama da ake hango wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, jajaye-jajaye, suna kiwo a ruwa. Hajiya ta leƙa ta taga ta ce to ga waɗanda ake raba wa Auta abinci da su. Unguwar kanta ba Dubai ɗin cikin hotuna ba ce, ƙura ce da ƙarar guduma da warin baƙin mai. Auta ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu, sai na ji hawaye ya zo mini. Kumatunsa sun dawo, idonsa ya yi fari tas. Hajiya ta kama damtsensa ta matsa, ta ce wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne.

A wani ɗan shagon shayi ya ba mu labarin yadda aka yi. Taifot ce ta kwantar da shi a ɗakinsu na ma'aikata, can Dubai Investments Park, inda daga bakin titi ba ka ganin komai sai masana'antu da ɗakunan ajiya. An ba shi magani a asibiti, amma cikinsa ya ƙi karɓar komai, ko ruwan shayi ya sha sai ya dawo. Abokan ɗakinsa suna fita tun duhu, ba sa dawowa sai duhu. Shugaban garejinsu mutumin Kerala ne, can kudancin Indiya, Kirista, Auta yana kiransa Ceta, wato yaya da yarensu. Mahaifiyar Ceta ta zo zaman jegon surukarta, sai ta ji ɗanta yana zancen wani yaronsa baƙo da ba ya iya cin abinci. Tun daga ranar kullum take tashi ta dafa abin da suke ba majinyaci a garinsu, kanji da payar, wato kunun shinkafa da ɗan ƙanƙanin koren wakensu, Ceta ya tuƙa mota har can ya kai kafin ya wuce aiki. Da farko ruwan kanjin kaɗai take aikowa da ɗan gishiri. Da ya zauna a ciki ta ƙara shinkafar. Da ita ma ta zauna ta fara haɗawa da waken, a dame.

"Ranar da aka ɗauki hoton nan, Yaya," Auta ya ce, "ita ce ranar farko da na iya tashi zaune na riƙe kwano da hannuna. Ni murna nake yi."

Na juya in ga ko Hajiya ta ji. Tana waya da mai gwal.

Tsohuwar, wadda kowa ke kira Ammaci, ta aiko cewa lallai mu zo cin abincin rana ran Lahadi. A cikin tasi Auta ya yi mana bayani dalla-dalla cewa suna cikin azuminsu na kafin Ista, kuma irin nasu ba barin ci ba ne, barin nama ne da kifi har sai an yi sallarsu. Na ce to madalla, maganar wa ya yi yanka ma ba ta taso ba. Hajiya ta ce uhm, idonta a kan waya.

Gidan ɗan filat ne a Kusais, hawa na uku, takalma jere a bakin ƙofa kamar na gidan suna. Ammaci 'yar ƙaramar tsohuwa ce, gashi fari fat, tufafi farare. Ko kallonmu ba ta yi ba sai da ta kama fuskar Auta da hannu biyu ta juya ta hagu da dama, tana masa faɗa da yarensu, shi kuma yana sunkuyar da kai yana murmushi. Ba sai an fassara mini ba, faɗan Inna ne sak. Sannan ta rungume ni, ta riƙe hannun Hajiya ta kai ta kujera mafi kyau a falon. Aka miƙo mana jaririya, fatarta sumul. Mai jegon ta nuna mini wani gari kore-kore a gwangwani, ashe garin waken nan ne, da shi suke yi wa jariri da mai jego wanka maimakon sabulu.

Ni ba na iya zama ana girki, sai na bi Ammaci kicin. Wurin bai fi mutum biyu ba, amma komai a muhallinsa. Waken suna ce masa cerupayar, bai kai rabin namu girma ba, kore shar. Mu da mun samu wake hannunmu ke fara ƙaiƙayin surfe, ita kuwa ba ta cire masa ɓawo. Ta jiƙa shi tun daren jiya, ta dafa da gishiri da kurkur har ya fara tsagewa amma bai narke ba. Ta kankare kwakwa ta daddaka da ƙananan albasa da tafarnuwa da ɗanyen barkono, sama-sama, ba lukui ba. Ta ɗora man kwakwa, ta watsa wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi da suka hau fashewa suna tsalle, ta jefa ganyen kori, sannan ta juye wake da kwakwar ta rufe ya turara. Wannan shi ne toran. Da hannu da ka ta nuna mini cewa da safe romo-romo take yin waken, a ci da wani dambun shinkafa da kwakwa da suke turarawa a cikin bututun ƙarfe, a murmushe ayaba a kai. Har wanda ta bari ya tsiro a cikin tsumma mai laima ta nuna mini. Wake ɗaya, amma ta san masa hanya ta fi biyar. A ɗaya murhun kuma akwai wata faffaɗar tukunya a rufe, ƙamshi na fita ta gefen murfin. Na kai hannu zan buɗe ta ɗan buge mini yatsu, ta girgiza kai. Ceta daga bakin ƙofa ya ce wannan sai ƙarshe.

Aka jera abinci a tebur. Kanji na jar shinkafa yana tururi, toran, yajin ɗanyen mangwaro, da wata siririyar gurasa mai ƙaras-ƙaras. A gefen kowane kwano an ajiye ganye kore, an naɗe shi kamar ludayi an soke da tsinke. Ceta ya ce ganyen wata bishiyarsu ne, wani ɗan uwa ya taho da shi daga gida, da shi kakanninsu ke shan kanji, kuma Ammaci da kanta ta naɗa mana saboda mu manyan baƙi ne.

Hajiya ta ɗaga ganyen da yatsu biyu ta ajiye. Ta nemi cokalin ƙarfe aka kawo. Sai ta zura shi ƙasan kanji ta juya. Ta zura a toran ta tona har ƙasa. Wallahi ina kallonta kamar a mafarki, abin da ta faɗa mini a Wudil shi take yi a teburin mutane.

"Ashe da gaske ne," ta ce. "Ko ƙashi babu."

Da Hausa ta faɗa, amma yatsinar fuska ba ta bukatar tafinta. Kafin in buɗe baki ta jawo jaka, ta kwance zani, ta baje kilishi a tsakiyar tebur, a kan ganyen da tsohuwa ta naɗa. Ƙamshin nama da yaji ya cika falon. Ta tura gaban Auta.

"Ci, ɗan nan, ka ji gishiri a bakinka."

"Hajiya don Allah," Auta ya ce da ƙaramar murya, "na gaya miki azumi suke yi."

"Wane irin azumi ne da rana tsaka ana cin abinci? Babu ce dai, a faɗi gaskiya."

Ba ta tsaya nan ba. Ta yago wani yanki ta miƙa wa Ammaci, irin miƙon da ake yi wa mabukaci a ƙofar gida, tana cewa ungo baiwar Allah, ku ma ku ɗanɗana. Ammaci ta haɗa tafukanta biyu a ƙirji, ta girgiza kai tana murmushi, sannan ta kalli ɗanta. Ceta ya sunkuyar da kai yana kallon tebur. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Tun da nake ban taɓa jin kunya haɗe da fushi irin na ranar ba, ga shi babbar mace ce, aminiyar uwata, ba dama in ɗaga mata murya a gaban baƙi. Hajiya ta naɗe kilishinta ta miƙe.

"Yalla, na ga abin da na zo gani. Ina jiranku a ƙasa."

Dole Auta ya bi ta, don ba a barin babba ta sauka ita kaɗai. Ni na ƙi motsawa. Na ɗauki ganyen nan na kamfaci kanji, rabi ya zube mini a hijabi, Ammaci ta yi dariya ta gyara mini riƙon. To bari in gaya muku gaskiya, kanji shi kaɗai salam yake, kamar ba a yi komai ba. Sai an haɗa da toran abin ke tashi, waken ya narke a baki da garɗin kwakwa, yajin mangwaro ya biyo baya ya tsinke miki yawu, a karya gurasar nan a kai. Ba ya nauyi a ciki, ba ya kumbura mutum irin namu waken. Sau uku tana ƙara mini, ba ta tambaya, zubawa kawai take yi.

Sai aka kawo faffaɗar tukunya. Sunansa payasam. Waken nan dai ne, amma an soya shi sama-sama an ɓare, an dafa da mazarƙwaila da madarar kwakwa, ana juyawa tun safe, an watsa soyayyun 'yan yankan kwakwa a kai. Ya yi kauri, launin ƙasa-ƙasa, zaƙinsa ba mai hawa kai ba. Ceta ya ce wannan abincin biki ne, sai aure ko babbar sallarsu, kuma cikin azumi Ammaci ba ta yin sa, amma ta ce jakadiyar uwar Auta ba za ta zo gidanta a sallame ta da abincin majinyaci kaɗai ba. Ta fara da kanji ne don a ga abin da yaron ya ci ya tashi, a je a gaya wa uwarsa. Mu a wurinmu abin karramawa shi ake fara ajiye wa baƙo, su kuma sai ƙarshe suke fito da shi. Hajiya ta tona ƙasan kwano tana neman matsayinta, alhali yana kan murhu yana jiranta.

Ammaci ta yi wata magana, Ceta ya fassara. Wai tana tambaya ko cikin Hajiya ne ba lafiya, don ta ga ba ta ci komai ba. Ta shiga kicin ta fito da kwanon silba mai hawa uku, irin mai mariƙin nan, ta cika hawa ɗaya da payasam, ɗaya da toran, ɗaya da kanji, ta ce a kai mata ta ci in ta huta. Tsohon kwano ne, hawan tsakiya ya ɗan lotsa a baki, a gefe an tsattsaga wani rubutu da yarensu. Ceta ya ce sunanta ne, da shi ta zo gidan miji, kuma a cikinsa ake kai wa Auta abinci.

A otal Hajiya ko murfin ba ta ɗaga ba. Ta kira mai sharar hawanmu, wata 'yar Zangon Kumasi mai fara'a, ta ce ta ɗauke. Da yamma matar ta dawo da kwano a wanke tana tambayata, "Yaya, wannan koko mai siga ɗin, wane shago ne?" Na ce ba na shago ba ne. Na ajiye kwanon a tebur, na ce mata gobe ta sauke shi wurin masu karɓar baƙi, ƙanena zai zo ya ɗauka. Washegari na fita ƙarasa sari, na biya wani shagon mutanen Kerala na auni koren wake. Da na dawo ban ga kwano ba, na ɗauka an sauke.

Auta ya raka mu filin jirgi. Sai da Hajiya ta yi gaba ya ce mini, "Yaya, in Inna ta ce in dawo, zan dawo. Amma ban san da wane ido zan kalli Ammaci ba kafin in tafi." Na ce ya yi haƙuri.

Mun iso Azare da la'asar, a gajiye, kai tsaye ɗakin Inna. Babba ce ke fara magana, don haka Hajiya ta gyara zama ta zuba rahoto. Yaro ya kumbura, aiki cikin baƙin mai, mutanen da yake hannunsu ko baƙo ba sa iya yanka wa kaza, cokali ma ganye ne. Na ce Inna ki bari in faɗi nawa. Ta ce ke dama bakinku ɗaya. Ta jawo wayarta ta ce a kira mata shi, ya fara haɗa kaya.

Ana neman lamba Hajiya ta buɗe jaka za ta fito wa Inna da tsaraba. Sai ga kwanon silba mai hawa uku. Ta kwance mariƙin, hawa ɗaya kwalaben turare, ɗaya 'yan kunne, ɗaya ragowar kilishi. Na ce Hajiya, kwanon mutane ne fa! Ta ce ai ba ta shi aka yi, kuma silbar mai kyau ce, irin ta da.

Inna ta ajiye waya. Ta miƙa hannu ta ɗauki hawan tsakiya, ta shafa inda ya lotsa da babban yatsa. Wata da watanni tana kallon hoton nan dare da rana, babu abin da ba ta haddace a cikinsa ba.

"Wannan kwanon na san shi," ta ce. "Na wane ne?"

Wannan karon ta bar ni na yi magana. Na faɗa mata wadda take tashi ta dafa, da wanda yake tuƙawa ya kai, da yadda aka fara da ruwa zalla har aka kai ga wake. Na faɗa mata ranar da aka ɗauki hoton. Na faɗi azuminsu, da tukunyar da aka yini ana juyawa saboda jakadiyarta. Kilishi kaɗai na tsallake, Inna kuwa ta kalli hawan da ke gaban Hajiya ta gane da kanta.

"Kun ci abincinta?"

Na ce ni na ci.

"Ke fa, Hajiya?"

Hajiya ta hau gyara ɗankwali.

"To da me kuka mayar mata da kwano?" Inna ta tambaya, sai kuma ta kalli abin da ke hannunta. A gidanmu ko maƙwabciya ce ta aiko da ɗan wake, Inna ba ta taɓa bari kwano ya koma wayam ba, ko gyaɗa ce sai ta zuba. Yau ga kwanon matar da ta yi jinyar ɗanta, kwanon aurenta, ya ƙetaro teku yana ɗauke da 'yan kunnen wata. Na ga idon Inna ya kawo ruwa, ta ce an kunyata ta a inda ba ta taɓa zuwa ba.

Ta juye turare da 'yan kunne a kan tabarma. Ta tashi da kanta, ita da ba ta iya doguwar tsayuwa, ta wanke kwanon sau biyu saboda warin nama. Sannan ta kira Auta, ta ce ya zauna ya riƙe aikinsa, kuma ya je ya gaishe mata da uwarsa ta can, ya ce tana ba da haƙuri. Kwana biyu tana shiri. Hawa ɗaya ta cika da zuma, ɗaya da kantun riɗi da ta sa aka yi a gabanta, ɗaya da farin waken gonarmu, wai ita ma ta ga irin namu. Ta aika aka kira Hajiya, wadda za ta koma sarin gwal kafin babbar Sallah.

"Ke kika ɗauko, ke za ki mayar," Inna ta ce, "hannu da hannu, kafin tsohuwar ta koma ƙasarsu. In ta zuba miki abinci kuma, ki cinye."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗin faɗa ba ne, don a kanmu yake. Muna da bakin cewa mu ne masu karɓar baƙo, amma ɗanmu ya kwanta a ƙasar mutane, namu ya je da waya, bare ta aika da kwano. Sannan muka bi ta har gida muka tona mata abinci muna neman tsoka. Da ba don lotsawar bakin kwano ba, da yanzu Auta yana zaune a Azare ba aiki, kuma da har abada tsohuwar nan tana zaton cikin baƙuwarta ne ya ɓaci. Na gwada dafa wa Inna kanji da waken da na auno. Bai kama ƙafar na Ammaci ba, amma ta shanye, ba ta juya cokali neman komai ba.

Jiya da hantsi Hajiya ta kira ni. Ta yi ta kewaye-kewaye, farashin gwal, zafin gari, sannan ta rage murya ta ce, "Ke 'yar nan, wai cokalin ganyen nan, ta ina ake riƙe shi?"

Ban gaya mata ba. Na ce in ta je ta tambayi mai kwanon.